Daniel Amokachi: Bijimin Kaduna da ya girgiza duniya da ƙafa, ya dawo ya zauna a gefen benci

Ranar Asabar ta wancan satin bayan mun tashi daga tirenin a filin firamaren unguwarmu, ƙura ta lafa, yara sun zazzauna a gindin darbejiya kowa na kwance igiyar but ɗinsa, sai wani yaro cikin ’yan ƙasa da sha biyar ya ɗago kai ya ce min, "Koci, wai in har Amokachi ya iya ƙwallo kamar yadda kake faɗa kullum, me ya hana a ba shi Super Eagles ya riƙe gaba ɗaya?" Wallahi sai na rasa amsar da zan ba shi a tsaye, na ce masa bari sai mun haɗu wani satin. Tun ranar abin ke cin raina, don tambayar ta fi ƙarfin yaron da ya yi ta, kuma ta taɓa ni ni ma, tunda ni ma na buga ƙwallo a ƙananan kulob na garin nan kafin gwiwa ta zaunar da ni, yanzu shekara da shekaru ke nan ina riƙe da usur ina koyar da yara.

To bari in bi lamarin tun daga tushe, yadda na san shi.

An haifi Daniel Amokachi a nan Kaduna ranar 30 ga Disamba 1972. Asalin gidansu Binuwai ne amma shi ɗan garin nan ne tashin garin nan, duk wanda ya taɓa jin hirarsa ya san Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Kuma dole mutum ya gane wace Kaduna ce ta haife shi, don ba irin wadda yaran yanzu suka buɗe ido suka gani ba ce. Lokacin masaƙun Kakuri na aiki ba dare ba rana, ma'aikata na fitowa daga shif kamar tururuwa, kuma kamfanoni na da kulob nasu. Masaƙar UNTL na da tim, a nan marigayi Rashidi Yekini ya fara, shi ma haifaffen Kaduna ne. Kamfanin ƙera makamai na da DIC Bees, wadda daga baya ta koma Ranchers Bees. Ni lokacin ina ƙarami sosai, yayana ne ke ba ni labari cewa ranar da Bees ke wasa a gida in ba ka je da wuri ba to sai dai ka ji ihu daga waje. A 1988 Ranchers Bees ta kai har wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka, kulob ɗin Bizerte na Tunisiya ya doke ta da ƙyar, shekarar da ta biyo baya 1989 ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Wannan ita ce tukunyar da aka dafa Amokachi a ciki. Yaro mai baiwa a lokacin yana da matakala a gabansa, daga ƙwallon layi zuwa na makaranta zuwa kulob ɗin gari, kuma kulob ɗin garin yana bugawa da manyan Afirka.

A nan Clemens Westerhof, Baturen Holan da ke riƙe da tawagar ƙasa, ya hango shi ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. Wasan farko masu masaukin baƙi suka zuba mana 5-1, amma aka daure aka kai wasan ƙarshe, suka sake cin mu 1-0. A wannan shekarar ya wuce Beljiyam, hanyar da Stephen Keshi ya riga ya share wa ’yan Najeriya, ya sa hannu a Club Brugge. Can ya ci kofin lig a 1992, kuma ranar 25 ga Nuwamba 1992 ya jefa wa CSKA Moscow ƙwallo, wadda ita ce ƙwallon farko da aka ci a zagayen rukuni bayan an canza wa gasar zakarun Turai suna da fasali. Duk gidan kallon ƙwallon da ke Tudun Wada da Kawo da Sabon Tasha, inda ake cika maƙil daren Talata da Laraba ana musu har a kusa dambe, kaɗan ne a ciki suka san ɗan garinsu ne ya buɗe ragar gasar da suke kallo.

1994 kam ba sai an faɗa ba. Kofin Afirka a Tunisiya, aka doke Zambiya 2-1 a wasan ƙarshe. Sai Amurka, karon farko da Najeriya ta je kofin duniya. Bulgeriya ta sha 3-0, Yekini ya fara, Amokachi ya kewaye gola ya ƙara ta biyu, Amuneke ya rufe. Da Girka kuwa ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya yi ta ratsa su kamar bijimi ya tsinke igiya, ya narka ta daga wajen sha takwas ta shige can saman kusurwa. Sunan nan na Bijimi da ake kiransa da shi da Turanci bai zo a banza ba, ƙirji ne da cinya da gudu, in ya saka kafaɗa difenda sai dai ya bi shi da kallo. Wasan Italiya da ya fitar da mu, wanda Roberto Baggio ya farke ana saura minti biyu, Amokachi tun kafin hutun rabin lokaci ya fita da rauni, kuma har gobe akwai dattawan da in ka zauna da su a teburin mai shayi za su rantse maka da yana cikin fili da labarin ya sha bamban.

Akwai wani abu guda da ya faru a Ingila da nake ganin in ka fahimce shi ka fahimci mutumin gaba ɗaya. Bayan kofin duniya Everton ta saye shi fam miliyan 3, amma kocin da ya kawo shi, Mike Walker, bai yi wata uku ba bayan haka aka sallame shi, Joe Royle ya karɓa, shi kuma bai cika sa shi ba, yawanci benci yake ɗumamawa. Ranar 9 ga Afrilu 1995 ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham a filin Elland Road, Everton na gaba da 2-1, sitirika Paul Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefe, koci bai riga ya yanke shawarar canji ba yana jiran ya ji ko zai iya ci gaba. Amokachi bai jira ba. Ya tuɓe rigar sama ya je bakin layi aka ɗaga lamba ya faɗa fili, kafin Royle ya ankara aikin gama ya gama. Ya ci biyu, aka tashi 4-1. Royle da bakinsa daga baya ya ce wannan shi ne canji mafi kyau da bai taɓa yi ba. Suka je Wembley suka doke Manchester United 1-0, Rideout ɗin nan dai ya ci, Amokachi ya shigo daga benci ya karɓi lambarsa.

Duk kocin yara ya san irin wannan yaron. Ina da guda yanzu haka, in na ajiye shi a benci ba ya zama, yana bayana yana taka ƙasa yana cewa "Koci don Allah sa ni, wallahi zan ci," har sai kunnena ya gaji. Irin wannan zuciyar ce ke kai yaro Turai. Sai dai a riƙe wannan a rai, za mu dawo kanta, don zuciyar da ke sa ka shiga fili ba tare da an ce ka shiga ba, in ka koma kai ne mai cewa wane shiga wane fito, wani abu daban take nema daga gare ka.

1996 ya koma Besiktas ta Turkiyya, kuma a wannan damina aka yi gasar Olamfik ta Atlanta. Nan kam ni ganau ne ba jiyau ba. Ina da shekara sha biyar, gidan maƙwabcinmu muka kalla, an fito da talabijin tsakar gida an ɗora kan turmi an jona da batirin mota don ba a yarda da wuta ba, mu yara a ƙasa kan tabarma manya a kan benci, matan gida na leƙe daga ƙofar ɗaki. Ranar 3 ga Agusta, a wasan ƙarshe, Ajantina ta fara ci tun minti uku, Celestine Babayaro ya farke da ka, Crespo ya ƙara da fenariti, sai Amokachi ya ɗaga ta ta saman gola ta faɗa raga aka koma 2-2, maigidan da ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba sai ga shi tsaye hula a hannu yana ta kabbara. Amuneke ya ci ta uku ana dab da tashi. Abin da nake so a lura da shi, a cikin ƙwallo uku na wannan dare biyu ’yan Kaduna ne suka ci. Kuma a tawagar gaba ɗaya akwai Amokachi, akwai Celestine da yayansa Emmanuel Babayaro mai tsaron gida, akwai Tijjani Babangida, akwai Garba Lawal. Mutum biyar daga gari ɗaya a tawagar da ta fara kawo wa Afirka zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik.

Daga nan sai gwiwa.

A kofin duniya na Faransa 1998 wasa ɗaya kacal ya buga, da Bulgeriya. 1999 ya bar Besiktas yana da shekara 26, shekarun da ɗan wasan gaba ke fara nuna da gaske, kuma daga nan kusan a ce ƙwallonsa ya ƙare. Ya je 1860 Munich a Jamus gwajin likita ya hana, ya gwada Ingila, ya gwada Faransa, ya je Colorado Rapids a Amurka a 2002 aka sallame shi kafin a fara kakar wasa. Mutane na karanta wannan a layi biyu su wuce, amma wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti likita na lanƙwasa masa ƙafa yana girgiza kai shi ya san nauyinsa. Kanka na nan yana ganin fili sarai, ka san inda ya kamata ka ruga, ka san inda ƙwallo za ta faɗo, ƙafar ce kawai ta ce ba da ita ba. Ni da ban kai ko'ina ba sai da na yi wata shida ba na iya bi ta gefen fili, in na ji ƙarar usur sai in canza hanya. To ina ga wanda ya ci ƙwallo a kofin duniya. Kuma a nan ne mafarin matsalar da yawancin tsofaffin ’yan wasanmu ke shiga, ba shiri suka yi suka zama koci ba, ƙwallon ce ta sake su da rana tsaka, sai suka waiga suka ga babu abin da suka sani sai ita.

Aikin koci ya fara shi da Nasarawa United ta Lafiya, kuma kusan a lokaci guda aka ja shi bencin Super Eagles ya zama mataimakin Augustine Eguavoen, suka je kofin Afirka na Masar 2006 aka zo na uku. Ya ajiye a 2007, ya ɗan taɓa Enyimba ta Aba, 2008 aka sake dawo da shi ƙarƙashin marigayi Shu'aibu Amodu. Amodu ya kai mu kofin duniya na 2010, ya zo na uku a kofin Afirka na Angola, aka cire shi aka kawo Lars Lagerback ɗan Suwidin ana saura ’yan watanni, Amokachi na nan a benci. Sai zamanin Keshi daga ƙarshen 2011, wanda shi ne ƙololuwar aikinsa na koci. Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, ba wanda ya ba tawagar nan komai, an ɗebo yaran gida irin su Sunday Mba da Godfrey Oboabona, aka fitar da Kodebuwa ta su Drogba da Yaya Toure 2-1, aka lallasa Mali 4-1, ranar 10 ga Fabrairu Mba ya ci Burkina Faso aka ɗauko kofin bayan shekara 19. Aka je kofin duniya na Birazil 2014 aka fito daga rukuni, Faransa ta tsayar da mu 2-0. Da rikicin kwantiragin Keshi ya yi tsami, an ba Amokachi riƙon ƙwarya na wasu wasannin sada zumunta a farkon 2015. A shekarar ya karɓi kulob ɗin Ifeanyi Ubah na Nnewi, sati biyar ya ajiye.

To duba lissafin da kyau. Koci huɗu ya yi wa mataimaki a tawagar ƙasa, kusan shekara goma yana shiga yana fita. Amma inda shi ne mai gayya mai aiki, babu wurin da ya zauna ya yi kaka uku ko huɗu a jere. A ganina amsar tambayar yaron nan tana nan.

Kar wani ya raina aikin mataimaki fa. Shi ke tsara tirenin, shi ke zama da ɗan wasan da ransa ya ɓaci don ba a sa shi ba, shi ke jin abin da ake faɗa a ɗakin canza kaya ya san wanda zai kai wa oga da wanda zai binne. Kuma mutum irin Amokachi in ya ce wa sitirika ga yadda za ka tsaya, dole ya saurara, don ya san wanda ke maganar ya yi abin a gaban duniya. Na tabbata kofin 2013 akwai guminsa a ciki. Sai dai mataimaki ba ya kwana da ciwon kan da babban koci ke kwana da shi. Ba shi zai zaɓi sha ɗaya ba, ba shi zai ajiye kyaftin ba, ba shi zai fuskanci ’yan jarida da shugaban kulob bayan an ci shi uku a jere ba. Wannan kuwa ba a koyonsa da kallo, sai ka yi da hannunka ka ƙone ka sake yi. Sunansa ne ya ɗaga shi ya ɗora a saman bene tun yana shekara 33, bai bi ta matakala ba, kuma wanda aka ɗora a sama da wuri saukowa ƙasa ya fara daga farko na yi masa wuya, mutane ma ba za su bar shi ba, za su ce ai ya wuce nan.

Kwatanta da abokan wasansa. Keshi sai da ya bar ƙasar ya je Togo, ya kai su kofin duniya na 2006 karon farko a tarihinsu, aka sallame shi kafin gasar, ya je Mali ya yi shekara biyu, ya sha wuya ya ƙoshi kafin Najeriya ta kira shi. Samson Siasia da yara ya fara, ya kai ’yan ƙasa da 20 wasan ƙarshe a Holan 2005 inda Messi ya ci mu da fenariti biyu, ya kawo azurfa daga Olamfik ta Beijing 2008. Emmanuel Amuneke ya yi mataimaki a ƙarƙashin Manu Garba a tawagar ’yan ƙasa da 17 ta 2013, sannan ya karɓa ya ci kofin duniya a Chile 2015 da su Osimhen, ya tafi Tanzaniya ya kai su kofin Afirka na 2019, rabonsu da zuwa tun 1980. Finidi George ya zauna a Enyimba har ya ci lig a 2023. Kowannensu akwai wani wuri da za ka nuna ka ce wannan tim ɗin aikin hannun wane ne, ko ta yi kyau ko ta lalace. Na Amokachi kullum sunan wani ne a saman takardar.

Amma in na tsaya a nan na zalunce shi, don sai an samu wurin zama kafin a ce mutum bai zauna ba. Wane kulob ne a ƙasar nan zai ba koci shekara uku? Yawancinsu na gwamnatin jiha ne, kuɗinsu na fitowa ne in an ga dama, shugabanninsu na canzawa in siyasa ta juya, kuma kowa so yake a ci yau. Keshi kansa da ya ɗauko kofin Afirka sai da ya yi watanni yana bin albashi, abin duniya ta sani. Sylvanus Okpala da suka yi aikin tare, bayan an dawo da kofi aka ce babu kuɗin riƙe shi. In haka ta faru a sama, me kake tsammani a ƙasa? Ni na ɗanɗana nawa. Wani ƙaramin kulob ya taɓa ɗauka ta, ba zan kama suna ba, muka yi wata biyu muna shiri, ana gobe wasan farko sai ga takarda daga wajen mai kulob da sunayen yara huɗu da dole su fara, biyu a cikinsu ban taɓa ganinsu a tirenin ba. Na ce ranka ya daɗe a yi haƙuri a bar ni da waɗanda suka sha rana, aka ce to. Wasa huɗu aka yi aka ce in ɗan huta, haƙƙina na wata uku har yau yana can. Ban san abin da ya faru a Nnewi cikin sati biyar ɗin nan dalla-dalla ba balle in yanke hukunci, amma duk wanda ya yi aikin nan a ƙasar nan in ya ji koci ya ajiye aiki da wuri ba ya saurin cewa laifinsa ne.

Sai kuma halin mutum, a nan ra'ayina ne kawai nake faɗa. Wanda Allah ya ba baiwa mai yawa sau da yawa koyarwa na ba shi wuya, don abin da yake yi ba tunaninsa yake ba, jikinsa ne ke yi. Ka ce masa ya bayyana yadda ya ratsa mutum huɗu na Girka, zai ce maka kawai na ga hanya ne na bi. To yaron da bai ga hanyar ba fa? Koci aikinsa ya farfasa abin gutsi-gutsi, ina za ka sa ƙafar hagu, yaushe za ka waiga, ya maimaita sau ɗari ba tare da ya ƙosa ba. Kuma mutumin da ya sa kansa a fili a Elland Road mutum ne mai faɗin abin da ke ransa kai tsaye, duk mai kallon sharhinsa a talabijin ya san haka. Wannan hali abin so ne, ni yana burge ni, amma a ofisoshin ƙwallonmu mai cewa a'a ba ya daɗewa a kujera.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne abin da ya yi a Janairun 2016. Mutumin da shekara ɗaya da rabi kafin nan yake zaune a bencin kofin duniya, ya tattara ya tafi Oulu a arewacin Finlan ya karɓi wani ƙaramin kulob mai suna JS Hercules da ke mataki na uku a lig ɗin ƙasar. Garin da a watan Janairu rana ke leƙowa na ’yan awoyi ta koma, ƙanƙara ko'ina, ɗan Kaduna da ya saba da zafin Maris. Wasu sun yi ta dariya a lokacin wai ya faɗo. Ni kuwa gani na yi mutum ne ya gane abin da ya tsallake ya koma ya biya, yana da shekara 43. Wanda ke son suna kawai ba zai je can ba. Kuma ya nuna wani abu da ba a cika faɗa ba, Turai na buɗe wa ƙafar baƙin mutum ƙofa da gudu, amma in ya dawo da allo da usur yana neman benci sai ƙofar ta koma ’yar ƙarama, duba manyan lig ɗinsu ka ƙirga kocin da suka fito daga Afirka ka gani. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, Keshi ya rasu, kwana uku tsakani Amodu ya bi shi, mutum biyun da ya fi daɗewa yana zaune a gefensu.

A Fabrairun 2020 shugaba Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya. Girmamawa ce kuma ya cancanta, sai dai jakada ba ya tsayawa a fili da asuba yana jera kwano.

Ni inda abin ya fi yi min ciwo shi ne nan gida. Garin da ya ba da mutum biyar a Atlanta, garin da aka buga kofin duniya na matasa a filin Ahmadu Bello a 1999 da 2009, an yi shekaru ba shi da kulob a babban lig. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010 ta doke Enyimba a bugun fenariti, muka ce to an dawo, ’yan shekaru kaɗan ta gangara. Masaƙu sun rufe, kulob ɗin kamfanoni sun bi su, filayen unguwa da yawa an yanka an yi shaguna. Da a ce lokacin da gwiwa ta dawo da Amokachi gida akwai Ranchers Bees irin ta 1988, mai kuɗinta da tsarinta da magoya bayanta, wadda za ta ce masa zo ka fara da yaranmu na ƙasa da 17, ka yi shekara biyu, ka je ka yi kwas ɗinka ka karɓo lasin, sannan ka hau babbar tim, in ka faɗi ba za mu kore ka ba sai ka yi kaka uku, wallahi ina da yaƙinin da yanzu wani labarin muke ba yara. Haka ake yi wa tsofaffin ’yan wasa a inda aka ɗauki abin da gaske, Guardiola ma da ƙaramar tim ɗin Barcelona ya fara, Zidane da ta Real Madrid. Mu namu ko dai a ɗora su a sama rana ɗaya don sunansu ya rufe bakin jama'a, ko a manta da su sai ranar da za a yi taro a kira su su ɗaga hannu.

Kuma yaran na nan fa, ba su ƙare ba. Je Murtala Square da sassafe ka gani, je Rigasa, je Kakuri, je Unguwar Rimi da yamma, wasu da but wasu da silifas wasu ƙafa a ƙasa. Ɗan wasan gaba Sadiq Umar daga garin nan ya fita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu koyarwa da suka san abin da suke yi, mu da muke yi yawancinmu da abin da muka tsinta muke yi, kuɗin zuwa kwas a cibiyar wasanni ta Legas ko na lasin hukumar ƙwallon Afirka CAF ya fi ƙarfin mai sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa.

Jiya Asabar yaron ya tare ni tun kafin in jingine mashin, ya ce "Koci, amsata fa?" Na ce masa Amokachi ya iya ƙwallo fiye da yadda nake faɗa ma, amma buga ƙwallo sana'a ce, koyar da ita wata sana'ar ce daban, ta farkon ya same ta tun yana ƙaraminku a garin nan akwai masu koya masa, ta biyun kuwa da ya zo nemanta babu wanda ya ba shi wuri da lokaci. Ya yi shiru, ban sani ba ko ya gamsu. Akwai wani babba a cikinsu, ɗan shekara sha tara, da idon sawunsa ya ƙi warkewa tun bara, kullum yana zuwa ya zauna a kan taya yana kallo ba ya cewa komai. Na kira shi na cire usur daga wuyana na rataya masa, na ce yau kai za ka ja ƙananan, ni ina gefe. Ya dube ni ya ce "Koci ni ban iya ba ai." Na ce jera kwanonin tukuna, taku biyar-biyar tsakaninsu. Ya ɗingisa ya tafi ya fara jerawa.